Man Kwakwar Kribi

Kafin Mohaman Bello ya hau sikeli sai da ya cire hula, ya tuɓe takalmi, ya kwance agogo ya miƙa wa matarsa Kulsum, kamar dai agogon ne ya tara masa teɓa. Ya hau a hankali, ya riƙe numfashi. Allurar sikelin ba ta ji tausayinsa ba. Ta yi gaba, ta ɗan yi rawa, ta tsaya.

"Cent quatre," in ji Alim, ma'aikacin jinyar da ke yi musu tafinta, wani mutumin Ngaoundéré mai Hausar kasuwa. "Ɗari da huɗu, Baba. Wancan zuwa ɗari da ɗaya ne."

"An taɓa sikelin nan," in ji Mohaman Bello. "Shekara talatin ina auna nama. Na san sikelin da aka taɓa."

Kwana arba'in ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a gindin tukubarsa ta tsire, wanda mutanen Yaoundé ke kira soya, a bakin babban titin unguwarsu ta Briqueterie. Aka kwaso shi zuwa wannan asibitin. Likita ya ce hawan jini ne, kuma kitse ya yi masa yawa a jini har zuciya ta fara kokawa. Ya rubuta doguwar takarda da Faransanci, ya hana shi kitse da man shanu da manja da gishiri, man gyaɗa ma sai ɗigo. Tun a kan gadon asibiti Mohaman Bello ya ɗaure Kulsum da alkawari cewa kada wani mahaluƙi ya ji. Mai tsiren da kitse ya kayar, wa zai sake sayen tsirensa? Manyan ma'aikatan gwamnati da ke tsayawa da motoci a gabansa duk yamma ba su da wuyar sauya tukuba. Saboda haka aka gaya wa unguwa cewa jiri ne na zazzaɓin sauro, unguwa kuwa ta ce Allah ya sawwaƙe.

Likitan saurayi ne mai tabarau, bai daɗe da dawowa daga karatu a Faransa ba. Yana zaune ƙarƙashin hoton Shugaban Ƙasa, su biyun duk ba su da fara'a. Ya dubi takarda, ya dubi tumbin, sannan ya dubi Kulsum, wadda shi ya ce a zo da ita tunda ita ce mai girki. Ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce, Madame, me kike zuba masa a abinci?" in ji Alim.

Kulsum ta ji abin har cikin ranta. Ita ce fa macen da in ana biki a Briqueterie ba a ɗora tukunyar miya sai ta iso. Kwana arba'in tana dafa kuɓewa da ruwa zalla, tana tafasa kifi kamar mai shirin wanki, tana kallon miyarta fara fat, lami, tana jin kunyar tukunyar kanta.

"Ka gaya masa," ta ce, "kwana arba'in tukunyata ba ta ga mai ba. Sabulun wanke-wanke ma hutu yake yi."

"Ya ce to tsiren fa?" in ji Alim.

"Wannan ni zan ba shi shaida. Tun yana saurayi ƙaurin nama ya ginshe shi, ba ya cin abin sayarwarsa."

Nan Mohaman Bello ya ga lokaci ya yi da zai wanke kansa. Ya sa hannu a aljihun babbar riga, ya zaro wata kwalbar lemo cike da farin abu, ya dangwarar a kan tebur da alfahari irin na ɗalibin da ya yi aikin da ba a sa shi ba.

"Ka gaya wa dokta ban zauna ba, ni ma ina taimaka masa. Man kwakwa ne, na Kribi, daga bakin teku. Cokali uku da safe, uku da yamma. Shi yake narkar da kitsen ciki, kamar yadda kananzir ke wanke baƙin mai a hannu. Ƙasimu ne ya ba ni."

Ƙasimu maƙwabcinsu ne, masinja a wata ma'aikata, abin da ake kira planto. Da yake ya shekara sha biyar yana ɗaukar takardu daga ofis zuwa ofis, unguwa ta ɗauka duk ilimin da ke cikinsu ya shige shi ta hammata.

Likita ya ɗauki kwalbar, ya buɗe, ya kifa ta. Ko ɗigo bai zubo ba. Sanyin safiyar damina ya daskarar da man, ya zauna daram kamar kitsen da ya kwana a faranti. Ya riƙe ta haka a kife yana magana.

"Ya ce wannan da kitsen sa uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji Alim. "Ya ce a shafa a kai, a shafa wa yara a jiki, mai lafiya ma ya ɗan sa a girki ba laifi. Amma kai, Baba, cokali shida kullum, kana ƙara wa wuta itace ne."

"Ai bai rubuta shi a takardar ba! Ƙasimu ya karanta mini ita tun daga sama har ƙasa. Babu kwakwa."

Alim ya fassara. Likita ya amsa a taƙaice.

"Ya ce man mota ma bai rubuta ba."

Sai likita ya ajiye kwalbar, ya cire tabarau, ya sassauta murya. Alim ya ɗan yi jinkiri kafin ya juya maganar. Ya ce cokali shida kaɗai ba za su kawo kilo uku ba, akwai wata tukunyar da ake ci ban da ta Madame. Ya ce faɗuwar farko gargaɗi ce, ta biyu ba ta yin sallama. Kulsum ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskar likitan, ta kuma gane Alim ya rage wa maganar gishiri. Tsoro ya kama ta.

Suka hau taksi, suka ratsa cunkoson kasuwar Mokolo. Da suka sauka a bakin unguwa, Mohaman Bello ya gyara hula ya nufi tukubarsa, yana cewa yaran zamani sun je Faransa sun koyo tsoron abinci. Kulsum ta shiga gida ta ɗora ruwan miyar da ba ta da sunan kirki.

Bayan azahar sai ga Bintu ta yi sallama. Matar tsoho Baballe ce, mai ɗinkin hula a lungun bayan masallaci. Ta zo da goro a ƙunshe cikin ganye, ta durƙusa ta ajiye.

"Yaya, godiya na zo yi. Na daɗe ina so, kunya ke hana ni."

"Godiyar me, Bintu?"

"Ta abincin nan naki. Wallahi tun da Malam ya fara cinsa kumburin ƙafarsa ya sace. Da sai da sanda yake hawa tudun masallaci, yanzu jiya har ya riga ladan."

Kulsum ta ajiye ludayi.

Kowa ya san yadda ake ciyayya a layinsu. Bayan magariba magidanta bakwai suke haɗuwa a ƙofar gidan Ƙasimu, kowa riƙe da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ci tare. Kuma akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba, wadda ta fi takardar likita ƙarfi: namiji ba ya zurfafa hannu a kwanon gidansa. Loma ɗaya ta bismilla zai yi, ya tura wa jama'a, shi ya ci na wasu. Wanda ya rungume nasa marowaci ne, ko kuwa yana zargin matan maƙwabta da wani abu. Kulsum ta san da wannan sarai. Amma maigidan ya rantse mata cewa ya gaya musu cikinsa ne ba daɗi, sun bar shi yana cin nasa, kuma kullum kwanon yana dawowa a suɗe tas. Ta yarda, domin yardar ta fi sauƙi.

"Malam Baballe ne ke cinyewa?" ta tambaya.

"Shi kaɗai. Sauran in sun ɗanɗana sai su ce alhamdu lillahi su janye hannu. Shi kuwa kin san ba haƙora, abin ya yi masa daidai."

"To shi maigidan nawa me yake ci?"

Bintu ta matso, ta rage murya, fuskarta cike da tausayi.

"Haba Yaya, kada ki damu, ai ba mu bar shi da yunwa ba. Tun satin farko da maza suka kawo labarin miyar, muka gane. Kasuwa haka take, yau gare ka gobe ga wani. Mace irinki ba ta fitar da miya ba mai sai in abin ya kai maƙura. Shi ne muka haɗa baki, kowace ta ƙara ludayi ɗaya na mai a nata kwanon, a tura masa gabansa ba tare da ya ji kunya ba. Safiyatu matar Ƙasimu ma da man kwakwa take soya masa ƙwai, ga kitsen ƙirji da take ware masa. Ba wanda ya ji a waje. Mun rufa miki asiri."

Kulsum ta zauna a kan turmi. Wato kwana arba'in tana zubar da mutuncin hannunta don ta yi wa mijin wata magani, gidaje shida kuma suna yi wa nata mijin ɗura saboda tsabar ƙauna. Ita tana rufa masa asiri daga ciki, su suna rufa mata daga waje, shi kuma yana tsakiya yana kumbura. Ga shi an gama yi mata kallon matar wanda ya karye, ita ba ta ma sani ba, tana wucewa ana yi mata sannu da haƙuri tana zaton gaisuwa ce.

"Allah ya bar zumunci," ta ce wa Bintu.

Da Bintu ta tafi, ta daɗe a zaune tana juya abin. Ta bi gida-gida ta ce a rage mai ba tare da dalili ba? Wannan zagi ne, za a ce talauci ya zo mata da girman kai. Ta hana shi fita ciyayya? Gobe sunansa mijin-ta-ce, kuma Mohaman Bello gara masa kabari da wannan suna. Ta sake roƙonsa? Mutumin da ya kai wa likita kwalbar man kwakwa don a yaba masa ba roƙo yake buƙata ba. Ta tuna yadda aka shiga da shi asibiti ranar da ya faɗi, maza huɗu suna nishi, bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na lilo. Shekara ashirin da shida suna tare. Ba ta taɓa saɓa masa alkawari ba, kuma ba ta shirya zaman takaba ba.

Can sai ta tuna cewa akwai namiji ɗaya tak a Briqueterie da ke ƙin fita ciyayya ba a zage shi ba, shi ne majiyyaci. Abincin majiyyaci kuwa ba a tabarmar ƙofar gida ake ajiye shi ba. Cikin gida ake shigo da shi, a miƙa wa matarsa.

Ta ɗauki mayafi.

Safiyatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Mace ce mai kirki da son mutane, aibinta ɗaya, Rediyo Garoua ma sai ta yi da gaske take riga ta kai labari.

"Yaya Kulsum! Yau ke ce a gidanmu? Shigo, shigo. In wani abu ne na cefane kada ki ji nauyi."

"Ba cefane ba ne. Sirri na kawo miki, ke kaɗai. Ko Ƙasimu kada ya ji."

Idanun Safiyatu suka yi haske. Ta ture farantin shinkafa gefe.

Kulsum ta zayyana mata komai: faɗuwar, takardar, sikelin, kwalbar da aka kifa ba ta zuba ba, da abin da likita ya ce game da faɗuwa ta biyu.

"Inna lillahi! Ashe ba karaya ba ce?" in ji Safiyatu. Da wuya a ce daɗi ta ji ko takaici. "Amma Yaya, man kwakwa fa? Ai shi magani ne. Ƙanina direba ne ke kawo shi daga Kribi, mutanen can da shi suke komai, ga su garau. Ki dube shi, fari tas, ba irin manja ba."

"Mutanen can suna jan taru a teku tun asuba. Nawa yana zaune a kan benci yana kaɗa wuta da mafici. Farin kuwa, likkafani ma fari ne."

Safiyatu ta dafe ƙirji. Ta rantse ba mai ji a bakinta. Kulsum ba ta kai ƙofar gidanta ba ta waiwaya ta hango ta da mayafi a karkace, ta shiga gidan da ke kallon nasu.

Labari ya yi tafiyarsa, yana ƙiba a hanya fiye da mai shi. A layin farko hawan jini ne. A layin masu ɗinki zuciya ta kumbura ta kai girman ƙwarya. Kafin ya isa bakin titi, likita ya ba Mohaman Bello kwana uku. Yana tsaye yana barbaɗa ƙuli-ƙuli a kan nama ya ga mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa a ba shi na hamsin, kowa sai sannu da Allah ya ba da lafiya. Wani ma'aikaci mai kwat da ya saba saye kullum ya sauko daga mota, ya ji abin da ake faɗa, ya dubi kitsen da ke tsiyaya a kan wuta, ya dubi nasa tumbin, ya ce yau azumi yake yi, da ƙarfe biyar na yamma da sigari a hannu.

Kafin magariba abokan ciyayya shida suka rako shi gida, Ƙasimu na riƙe da hannunsa na dama kamar zai faɗi, shi kuwa yana fizgewa yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya saurare shi. Suka kwantar da shi a ɗaki, suka dawo zaure suka yi addu'a. Ƙasimu ya yi wa jama'a bayani cewa shi tun farko ya ga alamar, kuma da ba don man kwakwa ba da tuni an yi sadakar bakwai. Aka yanke hukunci cewa ba zai sake fitowa tabarma ba sai ya warke, don ba a sa majiyyaci a raɓa.

Sai abincin dubiya ya fara shigowa. Farfesun ƙafar sa mai maiƙo yatsa guda a sama. Fura da man shanu. Soyayyar kaza tana iyo. Dambu da aka yi wa wanka da man gyaɗa. Kwalaben man kwakwa uku daga gidaje uku, kowace da saƙon yadda ake sha. Mutanen Briqueterie ba su san wata hanyar cewa muna ƙaunarka ba sai da mai, kuma a ranar sun faɗe ta da babbar murya.

Kulsum ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓa da hannu biyu. Ta gode wa kowa, ta sa albarka, ta tambayi yara. Ta jera kwalaben a kan taga kusa da man kitso. Kwanukan kuwa ta kwashe su duka ta kai bakin zaure, ta ce daga bayan labule, baƙi su yi haƙuri su taɓa, ba yawa. Sannan ta zuba tuwo da farar miyarta a kwano ɗaya, ta shiga ɗaki, ta turo ƙofa.

Yana kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Maigida, ga abinci."

"Kin kashe ni, Kulsum." Bai juyo ba. "Rabin nama na bari a kan tukuba. Shekara talatin ina gina sunan nan, kin rushe shi tsakanin azahar da la'asar. Alkawari kika yi mini."

"Na yi."

"Kuma a rasa wadda za ki gaya wa sai Safiyatu?"

"Sauri nake yi."

Daga zaure ana jin ƙarar cokula da muryar Ƙasimu yana cewa a miƙo masa ƙashin nan mai ɓargo.

"Ban yafe miki ba," in ji Mohaman Bello. "Ki ji da kyau. Ban yafe ba."

Maganar ta soke ta, domin ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Hawaye suka cika mata ido, ta bar su. Ta zauna a gefen gado, ta ɗora kwanon a kan cinyarta.

"Na ji," ta ce. "Kada ka yafe. Gobe da safe ka tashi ka sake faɗa mini. Baɗi ma ka faɗa. Shekara ashirin nan gaba ina so in riƙa jin ta kullum, daga bakinka, kana zaune."

Sannan gadon ya yi ƙara, ya tashi zaune da kyar, bai dube ta ba. Ta zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya gutsuri tuwo, ya dangwala a miyar, ya kai baki, ya tauna kamar mai cika umarnin kotu.

"Ko gishiri babu," ya ce.

"Babu."

Ya sake gutsura. Ta riƙe masa kwanon har ya cinye.